Sabar da ba ta taɓa ganin intanet ba

A bakin ƙofar akwai wata 'yar akwatin ƙarfe mai kwaɗo, nan ake barin waya. Mai kula da tsaron bayanai na wurin, wani dattijo marar yawan magana, ya miƙo mini makulli ya ce, "Injiniya, waya nan za ta kwana. Agogonka in mai magana da waya ne, shi ma nan. Takarda da biro kuwa ka shiga da abinka." Na nuna masa agogon, tsoho ne mai hannu, ba ya jin kiran kowa. Ya gyaɗa kai, na sa hannu a littafi, muka shiga.

Ɗakin gwaje-gwaje ne na wata ma'aikata, kuma sakamakon da suke ajiyewa ba na kowa da kowa ba ne. Kwamfutoci 12 ne a ciki, duk an haɗa su da waya zuwa suwic ɗaya, babu igiya ko ɗaya da ta ratsa bango ta fita. Aikina shi ne in girka musu saba, wadda wasu ke ce wa uwar garke, in ɗora mata manhajar da za su riƙa shigar da sakamako ta burauza. Kayan haɗin ba baƙi ba ne: Ubuntu Server 22.04, wani nau'in Linux, rumbun bayanai na PostgreSQL 14, nginx a gaba yana karɓar baƙi, sai manhajar kanta da aka rubuta da Python. A wurin da akwai intanet na sha yin irin wannan tsakanin safe da tsakar rana. Shi ya sa da aka tambaye ni kwana nawa zan ɗauka, na ce ɗaya, har da ɗan murmushi.

Dokar shigar da kaya ita ce ta fara rage mini murmushin. Duk fayil ɗin da zai shiga sai a kan sabon filas. Za a cike takarda, mutum biyu su sa hannu, a soka filas ɗin a wata kwamfuta ta daban da aikinta kawai binciken ƙwayar cuta, kuma sau ɗaya ake yin wannan binciken a rana, da safe. In filas ya shiga, ya shiga ke nan, ba ya fitowa. Da na nuna alamar abin ya yi yawa, dattijon ya tuna mini da ƙwayar cutar kwamfuta Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran. Wurin nan ma a yanke yake da intanet, ta filas cutar ta samu hanya. Ban ja da shi ba. Abin da dokar take nufi a wurina dai shi ne, duk fayil ɗin da na manta, komin ƙanƙantarsa, kwana guda zai ci.

Shirin farko a kan laftof ɗina na yi shi, wanda shi ma Ubuntu 22.04 ke kansa. Na ce wa apt, mai sauko da manhajoji ya girka su a Ubuntu, ya sauko mini da PostgreSQL da nginx amma kada ya girka su, wato apt-get install --download-only. Ya sauko da ƙunshe-ƙunshe ya zuba a /var/cache/apt/archives, na kwashe, na haɗa da faifan girka Ubuntu, na kai aka bincika.

Girka Ubuntu kansa bai ba ni wahala ba, domin faifan yana ɗauke da duk abin da yake bukata. Sai da na zo kan PostgreSQL na ba dpkg, mai girka ƙunshi ɗaya-ɗaya, ƙunshinsa, ya dube ni ya ce a'a. Wannan yana bukatar libpq5, babu shi. Wancan yana bukatar ssl-cert, babu shi. Na duba filas, lalle babu su. Na zauna ina kallon baƙin allo, hannuna ya kai aljihu don in duba waya, na tuna tana can cikin akwati.

Laifin nawa ne, kuma bayaninsa gajere ne. Manhaja a Linux ba ta tafiya ita kaɗai. Kowane ƙunshi yana rataye da wasu, su ma suna rataye da wasu, kamar ka ja igiya ɗaya ka ga ragar duka ta taso. A wurin da akwai intanet, apt ne yake bin ragar nan a ɓoye, ya kawo komai, kai dai ka danna "Y" ka jira. Amma apt ba ya sauko da abin da ya ga yana nan. Laftof ɗina ya shekara da shekaru yana tara kaya, libpq5 da ssl-cert sun daɗe a cikinsa ban ma san ranar da suka shiga ba. Don haka apt ya kawo mini abin da laftof ɗina ya rasa, alhali ni abin da sabuwar saba ta rasa nake nema. Tambayar da na yi daban, wadda ya kamata in yi daban.

Da na fito, dattijon ya ɗago kai daga littafinsa. "Har an gama?"

"Yallaɓai, gobe zan dawo da wata takardar."

Bai ce komai ba, sai ya zaro sabuwar takarda daga aljihun tebur ya ajiye mini. Da alama ba ni ne na farko ba.

A daren nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko, tun da dai ba a fafe gora ranar tafiya. Na ƙirƙiri kwamfutar gwaji a cikin laftof, na girka mata Ubuntu daga faifan nan da na yi amfani da shi a ciki, shi ɗin dai ba ɗan'uwansa ba, da zaɓuɓɓuka iri ɗaya sak. Wannan wurin yana da muhimmanci. Faifan 22.04 yana fitowa zubi-zubi, ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci, kuma ƙunshin da ke cikin wani zubin ba lalle ya yi daidai da na wani ba. Ina kiran wannan kwamfutar tagwaiyar saba. Kafin in taɓa komai a cikinta na ɗauki hotonta yadda take, don in iya mayar da ita farko duk lokacin da na so. Sannan na ba ta intanet, na sa apt ya sabunta jerinsa, ya sauko da duk abin da nake so ba tare da girkawa ba, har da gyare-gyaren tsaron da suka fito bayan an buga faifan. Wannan karon kayan da suka sauko sun ninka na jiya.

Maimakon in riƙa ba dpkg ƙunshi ɗaya-ɗaya ina neman wanda zai riga wani, sai na mayar da foldar ta zama ƙaramar ma'ajiya da apt zai iya karantawa. Akwai wata 'yar manhaja, dpkg-scanpackages, a cikin ƙunshin dpkg-dev, tana leƙa folda ta rubuta jerin abin da ke ciki da abin da kowanne yake rataye da shi. A laftof na gudanar da ita don kada in ƙazantar da tagwaiyar. Daga nan layi ɗaya ya rage a jerin majiyoyin apt, mai nuna masa foldar ta hanyar file: a maimakon adireshin intanet, sauran layukan kuma a rufe su.

A wannan layin akwai wata kalma da ta hana ni sakat, trusted=yes. Ma'anarta kana ce wa apt kada ya nemi sa hannu, ya yarda kawai. A ma'ajiyar Ubuntu ta ainihi, jerin ƙunshe-ƙunshe yana ɗauke da sa hannun sirri, apt yana tantance shi kafin ya karɓi komai. Tawa ma'ajiyar ba ta da wannan. Wato a ɗakin da aka fi ko'ina tsoron gurɓataccen fayil, ni ne zan kashe mai gadin. Na yi tunanin kwafo ma'ajiyar Ubuntu ɗungurungum da sa hannunta, amma girmanta ya fi ƙarfin filas ɗin da aka ba ni nesa ba kusa ba, kuma mai binciken ƙwayar cuta zai kwana a kanta. Abin da na tsaya a kai shi ne: apt ya riga ya tantance sa hannun a lokacin da tagwaiyar take saukowa da kayan, saura in tabbatar babu abin da ya canza tsakanin nan da cikin ɗaki. Na sa sha256sum ya lissafa hatimin kowane fayil ya zuba a jeri ɗaya, sannan na lissafa hatimin jerin kansa, haruffa da lambobi 64, na rubuta shi da biro a takarda. Filas zai bi tasa hanyar, takarda ta bi aljihuna. In wani abu ya taɓu a hanya, ko da ɗigo ɗaya ne, hatimin ba zai yi daidai ba. Daga baya na ƙirƙiri makullin GPG na ma'ajiyar na riƙa sa mata hannu, na cire waccan kalmar, kuma da zan sake aikin da haka zan fara.

Sai na yi abin da ya fi komai amfani a duk aikin: na mayar da tagwaiyar kan hoton farko, na cire mata igiyar intanet, na gwada girkawa daga foldar kaɗai. PostgreSQL ya hau, nginx ya hau. Python ne ya tsaya.

Da ma na riga na sauko da kayan Python da pip download a kan laftof. Na manta cewa Python ɗin da nake aiki da shi a can 3.12 ne, na saka shi da kaina saboda wani aiki, alhali Ubuntu 22.04 da 3.10 yake zuwa. Ƙunshin Python da ke da sassan da aka riga aka harhaɗa yana ɗauke da alamar wanda aka yi shi dominsa a cikin sunansa, nawa duk cp312 ne a jiki, saba kuwa cp310 take nema. Kuskuren jiya ne ya sake sutura ya dawo. Na sake saukowa daga cikin tagwaiyar. A nan kuma na gano abu biyu. Na ɗaya, keɓantaccen muhallin Python ba ya ƙirƙiruwa a sabuwar saba sai an saka python3-venv, wanda ba ya cikin jerina. Na biyu, psycopg2, mai haɗa Python da PostgreSQL, ya sauko a matsayin ɗanyen rubutu da sai an harhaɗa shi, harhaɗawar kuma tana neman gcc da libpq-dev da wasunsu. Ban so in tara kayan harhaɗawa a sabar aiki ba, don haka na harhaɗa shi a wani kwafi na tagwaiyar da pip wheel, na ɗauko gamammen. Sau huɗu ina mayar da tagwaiya farko ina sake gwadawa, har sai da pip install --no-index --find-links ya wuce ba tare da ya yi tari ba. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan, da a cikin ɗakin ya same ni, kwana ne.

Filas ya ɗan yi nasa wasan. Kwamfutar bincike tsarin FAT32 take karɓa, shi kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, ga tsofaffin bayanan da za a zuba a rumbu sun wuce haka. Na yanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa da split, a ciki na mayar da shi da cat, hatimi ya yi daidai.

Shiga ta biyu ta yi daɗi da farko. Na karanta lambobi 64 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, wani matashi ma'aikacin wurin da aka haɗa ni da shi yana bin allo da yatsa. Komai ya hau cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Na saita dnsmasq don kwamfutocin su riƙa kiran saba da suna maimakon lamba. Sunan na ƙare shi da .internal, wanda hukumar ICANN ta keɓe a 2024 don irin wannan amfani na cikin gida. Mutane da yawa suna saka .local, amma wannan an riga an ba wani tsarin neman suna na daban, yakan jawo rikici.

Saura shaidar tsaro, wadda ke sa burauza ta nuna kwaɗo a gefen adireshi. A waje, Let's Encrypt ne ke ba da ita kyauta, amma sai ya tabbatar daga intanet cewa sunan naka ne, kuma shaidarsa ta kwana 90 ce, sai an riƙa sabuntawa. A nan babu hanyar hakan. Sai ka zama hukumar kanka: ka ƙirƙiri uwar shaida da openssl, ka sa wa shaidar saba hannu da ita, sannan ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ka gabatar musu da uwar don su yarda da 'yarta. Na yi duk wannan a kan sabar, don makullin sirrin kada ya taɓa zama a wata na'ura ta waje. Na kuma tuna na saka sunan a filin subjectAltName, domin tun zubi na 58 a 2017 Chrome ya daina duba tsohon filin suna. Na ba shaidar shekara ɗaya. Muka je kwamfuta ta farko, muka buɗe burauza.

Ta ce shaidar ta daɗe da mutuwa.

Matashin ya dube ni. "Oga, ba yanzu ka yi ta ba?"

Minti goma bai cika ba da na yi ta. Na sake duba umarnin, daidai yake. Na sake ƙirƙirar wata, ita ma gawa. Sai da na buɗe shaidar na karanta ranar farawa da ranar ƙarewa, na ga shekarun da suka wuce tuntuni. Na koma kan saba na rubuta date. Ashe a nata lissafin muna can baya da shekaru. Injin ya daɗe a ajiye kafin a kawo shi, ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe agogo in an kashe wuta, CR2032, ya mutu, agogon ya koma ranar da masana'anta ta sa masa. A lokacin ne na tuna tar, mai kwance ɗaurin fayiloli, ya yi ta gunaguni da safe cewa fayilolin da nake kwancewa ranarsu tana gaba, ni kuma na share.

Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki in na tuna. Shekaru ina girka saba ban taɓa saita agogo da hannu ba. Da zarar inji ya ga intanet, yakan tambayi sabobin lokaci ta hanyar NTP ya gyara kansa kafin ka gama rubuta kalmar sirri, ko batirinsa ya mutu ba za ka sani ba. Tagwaiyata ma ba ta nuna mini ba, domin kwamfutar gwaji daga laftof take aron lokaci, laftof kuma daga intanet. Na cire mata igiya, amma lokaci ya ci gaba da shigo mata ta ƙofar baya.

Da muka zagaya sauran kwamfutocin sai muka ga kowacce da nata lokacin. Wata tana gaba da mintoci, wata tana baya, domin tun da aka kawo su babu wadda ta taɓa daidaitawa da kowa. A ɗakin da ake rubuta wa kowane sakamako lokacin da aka fitar da shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma shiga manhajar, wadda ke neman lamba shida daga wata 'yar na'ura da kowane ma'aikaci ke rataye da ita. Lambar tana canzawa duk daƙiƙa 30, kuma daga lokaci ake lissafa ta a ɓangarorin biyu. In agogon saba ya kauce da 'yan mintoci, babu mai shiga.

Na kashe neman lokaci na kai-tsaye, na saita agogon da timedatectl ina kallon agogon hannuna, wanda na daidaita da safe kafin in shigo. Wato a ranar, duk ɗakin nan da injinansa a kan tsohon agogona mai hannu suka dogara. Na goge uwar shaida da 'yarta na sake sababbi, burauza ta nuna kwaɗo. Amma gyaran na wucin gadi ne. Ana bukatar sabar ta zama ita ce agogon ɗakin, sauran su riƙa tambayarta. Manhajar lokaci da ke zuwa da Ubuntu 22.04, systemd-timesyncd, tambaya kawai ta iya, ba ta amsa wa kowa. Mai amsawa shi ne chrony, kuma ba ya cikin filas.

Kafin in gama haɗiye wannan, matashin ya kira ni daga kwamfuta ta uku. Ya shiga manhajar, shafin ya buɗe, amma kamar gidan da aka kwashe wa kaya. Inda ya kamata a ga ƙananan alamomi sai akwatuna fanko. In ka danna wurin zaɓen kwanan wata, kalanda ba ta fitowa. Na danna F12 na duba abin da burauza take nema, ga layuka ja guda uku: salon haruffa ɗaya, fayil ɗin alamomi, da wani rubutun JavaScript mai kula da kalanda. Waɗanda suka rubuta manhajar ba su saka waɗannan a cikinta ba, sun bar shafin yana aika burauza ta ɗauko su daga wasu sabobi na waje. Haka ake yi a ko'ina, kuma babu mai lura, tun da kowa yana da intanet.

To me ya sa ban gani ba a gwaji? Na zauna na yi tunani, dariya ta kusa kama ni. Tagwaiyar saba ce na yanke wa igiya. Burauzar da na gwada shafin da ita kuwa ta laftof ce, mai intanet ɗinta lafiya lau. Saba ta ba da shafi, burauza ta leƙa waje ta cike giɓin, ni kuma na ga komai tsaf na tafi na kwanta.

Da daddare na bi fayilolin manhajar da grep ina neman duk inda aka rubuta https://, na samu ukun nan da wani na huɗu a shafin rahoto da ba mu kai gare shi ba. Na sauko da su, na shirya nginx ya riƙa ba da su daga cikin gida, na gyara adireshin a shafukan. Na ƙirƙiri kwamfutar gwaji ta biyu mai burauza, na haɗa ta da tagwaiyar a wata hanyar sadarwa da ba ta fita ko'ina, na bi manhajar shafi-shafi, maɓalli-maɓalli. Na mayar da agogon tagwaiyar baya da gangan don in ga me zai karye. Na ƙara chrony a ma'ajiya. Na kuma ƙara postgresql-doc-14, domin a cikin ɗakin nan in ka manta yadda ake rubuta wani umarni, babu wanda za ka tambaya sai shafukan man, wato bayanin umarnai da ke cikin injin, da abin da ka shigo da shi. Rabon da in karanta shafin man daga sama har ƙasa na manta, sai a wannan makon.

Washegari na ajiye takarda ta uku a gaban dattijon, da batiri a cikin 'yar leda.

"Injiniya, kwana ɗayan nan naka yana da tsawo."

"Yallaɓai, agogon ne ya tsaya."

A nan ne na fara ganin haƙoransa.

Muka kashe saba, muka canza batiri, na sake saita lokaci na rubuta shi cikin agogon injin da hwclock. A saitin chrony layi biyu ne masu muhimmanci: local stratum 10, mai ce masa ya ɗauki agogon kansa a matsayin madogara ko da bai samu na sama da shi ba, da allow, mai ba kwamfutocin ɗakin izinin tambayarsa. Muka bi 12 ɗin nan muka nuna musu sabar. Kafin a tashi aiki duk sun zama baki ɗaya.

Ƙananan abubuwa sun biyo baya, ba su ci lokaci ba. In an kunna saba takan tsaya minti biyu cur tana jira, ashe tana da ƙofar waya biyu, ɗaya ba a soka mata komai ba, tsarin kuma yana jiran ta tashi. Na rubuta optional: true a saitin netplan na wannan ƙofar, jiran ya ƙare. Na kashe masu neman sabuntawa na kullum da ke ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a bayanta suna cika littafin rahoto. Lasisin manhajar shi ne abu ɗaya tilo da ya bukaci wani abu ya fita daga ɗakin: tana nuna wata doguwar lamba, a kai wa masu ita, su ba da amsa. Tun da filas ba ya fita, da biro na kwafe ta, matashin ya karanta mini ita sau biyu, muna tsayawa a kan kowane sifili don kada ya zama harafin O.

Akwai wani tunani da na tarar a wurin wanda ban yarda da shi ba, kuma na faɗa musu. Wasunsu suna ganin tun da babu intanet, babu bukatar sabunta komai. Amma filas yana shiga, mutane suna shiga, kuma ramin da aka gano a PostgreSQL ko nginx yana nan a cikin ɗakin ko da babu wanda ya leƙo ta taga. Bambancin kawai shi ne a nan gyara ba ya zuwa da kansa, sai an ɗauko shi a ka. Muka tsara sau ɗaya a wata: in kunna tagwaiyar, wadda yanzu nake ajiye da ita daidai da yadda sabar take, in ba ta intanet ta sauko da gyare-gyare, in yanke igiya in gwada, in sa wa ma'ajiya hannu, in cike takarda. Kafin a taɓa sabar gaske kuma sai an ɗauki kwafin rumbu da pg_dump an ajiye a wani faifai na cikin ɗakin. A jikin ƙofar akwatin sabar na manna takarda mai ranaku biyu: ranar da shaidar tsaro za ta mutu, da Afrilun 2027, lokacin da tallafin yau da kullum na Ubuntu 22.04 zai ƙare. Babu saƙon imel da zai zo ya tuna wa kowa.

Maganar agogo ce ba ta gama warwarewa ba. Kwamfutocin sun yarda da juna, amma duk sun yarda ne da saba, ita kuma agogonta yana zamewa kaɗan-kaɗan kamar na kowane inji. Maganin gaske shi ne na'urar karɓar lokaci daga tauraron GPS, wadda saurare kawai take yi ba ta aika komai, sai dai eriyarta tana bukatar ganin sama, wato a huda bango a fitar da waya. Na rubuta bukatar, tana jiran sa hannu. Kafin nan, duk wata in na zo, nakan daidaita agogon hannuna a waje, in ajiye waya a akwati, in shiga in tsaya gaban allo ina jiran dogon hannu ya hau sha biyu. Watan jiya daƙiƙa tara na tarar ta yi gaba.